Kufan Gelawa: Abin da Baki Ya Faɗa da Abin da Ƙasa Ta Ɓoye

Tafiyar wannan mako mai nisa ce, sai a gyara zama.

A shekarar 1839 wasu leburori suna haƙa magudanar ruwa a wata fadama da ake kira Lagore, kusa da garin Dunshaughlin a ƙasar Ayalan, sai shebur ya fara cin karo da ƙashi. Ƙasusuwan shanu ne da aladu da tumaki, jibge a kan juna cikin baƙar laka, ko'ina aka sara sai a ci karo da su. Mutanen wurin kuɗi suka hango, domin a zamanin ana niƙa ƙashi a yi taki da shi. An ce amalanke kusan 150 aka cika aka kwashe. A cikin ƙasusuwan akwai takubba da wuƙaƙe da matazai da duwatsun wuya, su kuma dillalan kayan da suka riƙa saye suna kaiwa Dublin. Ta haka labari ya isa kunnen wani matashin likita, William Wilde, wanda daga baya ya haifi marubucin nan Oscar Wilde. Ya je ya gani da idonsa, kuma a 1840 ya gabatar da bayani gaban ƙungiyar masana ta Royal Irish Academy. Ashe abin da aka sayar a matsayin taki juji ne na gidan sarauta. Fadamar nan a da tafki ce, kuma a tsakiyarta akwai tsibirin da mutane suka gina da hannunsu, sarakuna suka zauna a kai shekaru ɗaruruwa.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne, a wannan ƙasa ɗaya, a wannan zamani ɗaya, akwai dubban tsofaffin ganuwoyin ƙasa a tsakiyar gonaki waɗanda ko nawa za ka ba manomi ba zai sa musu garma ba. Gidan sarki an kwashe shi a amalanke, kufan talaka kuwa ya gagari kowa. Dalilin wannan bambanci shi za mu bi yau, don muna ganin ya shafe mu kai tsaye, mu da muke son rubuta labaran masarautu da na aljanu.

Gelawa, kamar yadda za mu riƙa kiransu a nan, su ne masu magana da harshen Gelik a Ayalan da yammaci da arewacin Sikotlan. Suna da kalmomi da dama na ganuwa. Ráth ita ce zagayayyen tudun ƙasa, lios filin da ke cikinsa, caiseal da cathair idan da dutse aka yi ginin, dún kuwa mazaunin mai mulki ko wuri mai wuyar shiga. Duk wanda ya buɗe taswirar ƙasashen biyu zai ga kalmomin nan birjik cikin sunayen garuruwa. Donegal asalinsa Dún na nGall, wato ganuwar baƙi. Lismore babbar farfajiya ke nan. Dumbarton a Sikotlan ganuwar mutanen Birtaniya na da. Ko Edinburgh, Dùn Èideann suke ce mata da harshensu. A Ayalan kaɗai an ƙidaya irin waɗannan ƙananan ganuwoyi kusan 45,000, alhali tsibirin gaba ɗayansa da kaɗan ya fi jihar Neja girma.

Da aka zo tono, sai ta bayyana yawancinsu ba sansanin yaƙi ba ne. Gidajen manoma makiyaya ne, akasarinsu an gina su tsakanin shekarar 600 zuwa 900 miladiyya. Faɗin cikinsu bai cika wuce mita 30 ba. A haƙa gwalalo a zagaye, a tara ƙasar da aka fitar ta zama tudu, a kafa kafi na itace a kanta, a ciki a yi zagayayyun ɗakuna na jinka, wani lokaci da rami na ƙarƙashin ƙasa don ajiya ko ɓuya. Da dare a koro shanu ciki saboda kyarkeci da ɓarayi. Saniya ita ce kuɗin wannan al'umma, da ita ake biyan diyya da sadaki, kuma shahararren labarin jarumtakarsu, Táin Bó Cúailnge, a kan satar bijimi aka gina shi. Wani littafin shari'arsu na wajen shekarar 700, Críth Gablach, har awon gidan sarki ya faɗa, ƙafa 140, ya kuma nuna cewa talakawan da ke ƙarƙashinsa su ke yi masa aikin gayyar tayar da ganuwa. Saboda haka yawan zagayen ganuwarka shi ke nuna yawan mutanenka.

Wannan abin da ƙasa ta faɗa ke nan. Bakin mutane kuwa daban ya ce. Bayan an daina zama a gidajen, ciyawa da ƙaya suka rufe su, jikokin masu ginin suka manta cewa kakanninsu ne suka yi. Wasu suka ce 'yan Danmak ne, wato maharan teku na Viking da suka fara kai farmaki Ayalan a 795. Wannan kuskure ne ƙarara, domin da yawa daga ganuwoyin sun riga maharan zuwa, kuma su maharan a bakin teku da bakin koguna suka kafa garuruwansu. Amma ɗan Adam idan ya ga aikin da ya ba shi mamaki, yakan fi son jingina shi ga baƙo.

Bayani na biyu ya fi ƙarfi, ya kuma fi daɗewa. Tsofaffin littattafansu, musamman Lebor Gabála Érenn da labaran da ke tafe da shi, sun ce kafin zuwan kakannin Gelawa akwai wata al'umma mai sihiri, Tuatha Dé Danann. Da aka ci su da yaƙi sai aka raba ƙasar: masu nasara suka ɗauki sama, su kuma suka shige ƙarƙashin tuddai. A bakin mutanen ƙauye wannan ya rikiɗe ya zama cewa kowace tsohuwar ganuwa gidan aos sí ce, mutanen tudu. Ba a kiran sunansu kai tsaye. Na daoine maithe ake ce musu, mutanen kirki, kamar dai yadda mu ma kan ce mutanen ɓoye don kada mu ambaci abin da muke tsoro. Dokokin zama da su sanannu ne: ba a nome ganuwa, ba a sare ƙayar da ta tsiro a kanta, ba a ɗaukar dutsenta a yi gini. Wanda ya karya, shanunsa su mutu, ko hannunsa ya shanye, ko ɗansa ya kwanta ciwo. Ana cewa da dare akan ji kiɗa a ciki, akan ga fitilu, kuma a daren shiga watan Mayu da daren shiga Nuwamba ƙofofinsu a buɗe suke.

Akwai wata tatsuniya da Thomas Crofton Croker ya buga a 1825, wadda 'yan uwan nan biyu Grimm suka fassara zuwa Jamusanci shekara ɗaya bayan haka. Wani mai ƙusumbi dare ya yi masa a gindin tudun Knockgrafton, sai ya ji mutanen ɓoye suna rera waƙa da sunayen ranaku biyu kacal, suna ta maimaitawa. Ya saurara har ya kama karin, ya jira inda suka numfasa, ya ƙara musu rana ta uku daidai gaɓa. Suka ji daɗi, suka cire masa ƙusumbin. Wani mai ƙusumbin da ya ji labari ya garzaya, bai saurara ba bai jira ba, ya kwatsa musu ƙarin rana cikin tsakiyar waƙa. Suka ɗauko ƙusumbin na farko suka ɗora masa a kan nasa. Masu yi wa rubutun wasu gyara a wannan zaure, kun dai ji. Abin dariya kuma, tudun na Knockgrafton ginin Normawa ne da suka shigo ƙasar a ƙarni na 12. Mutanen ɓoye ba su tambayi wanda ya gina ba, da suka ga kango suka tare.

Inda muka fi daɗewa muna juya lissafi shi ne Emain Macha, kusa da birnin Armagh. A labaran jarumtaka nan ce fadar Conchobar sarkin Ulster, nan jarumi Cú Chulainn ya tashi. Gelawa suna da wani fannin adabi na musamman, dindshenchas, wanda aikinsa kawai bayyana dalilin sunan wuri, kuma an adana da yawa daga cikinsa a kundin Book of Leinster na wajen 1160. Game da Emain Macha labari biyu suka bayar. Na farko ya ce wani manomi ya yi cika baki a taron sarki cewa matarsa Macha ta fi dawakan sarki gudu. Aka tilasta mata tsere tana da tsohon ciki, ta roƙi a yi mata jinkiri ta haihu, taron ya ƙi. Ta yi tseren, ta ci, ta faɗi a wurin ta haifi tagwaye, sannan ta yi wa mazan Ulster baki cewa duk ranar da suka fi bukatar ƙarfinsu za su ji zafin naƙuda, har zuriya tara. Emain na nufin tagwaye. Labari na biyu ya ce wata Macha ce daban, sarauniya, wadda ta zare allurar ado daga wuyanta ta zana iyakar ganuwar a ƙasa, ta sa abokan gabarta da ta kama suka gina. Malaman da suka rubuta ba su ga wata matsala ba, suka ajiye duka biyun gefe da gefe.

Tsakanin 1963 da 1971 Dudley Waterman ya tona tudun. Abin da ya samu ya fi tatsuniyar ban mamaki. An gina wani ƙaton zagayayyen gini na itace mai faɗin mita 40, ginshiƙai jere a zobe cikin zobe, da wani babban ginshiƙi a tsakiya. Da aka ƙirga zoben shekaru na cikin kututturen, aka gano an sare bishiyar wajen shekara 95 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba a daɗe da gamawa ba sai suka cika cikin ginin da duwatsu, suka cinna wa itacen wuta, suka rufe komai da ƙasa. Da gangan suka yi, ba hari aka kawo musu ba. Sannan gwalalon wurin a cikin tudu yake, ba a wajensa ba, wanda duk mai gina ganuwar tsaro ya san baibai ke nan. Wannan ya sa masana suka karkata ga cewa wurin ibada ne da taro. A ƙarƙashin ginin kuma aka tsinci ƙoƙon kan biri, irin wanda asalinsa duwatsun Maroko da Aljeriya ne. Wani ya ɗauko biri daga Afirka ya ratsa teku da shi har arewacin Ayalan fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Babu tatsuniya ko ɗaya da ta riƙe wannan biri. Sai dai a duba: labarin baka ya ɓata a kan me aka yi a wurin, amma bai ɓata ba a kan cewa wannan tudu, ba wani ba, shi ne cibiyar Ulster. Ya riƙe adireshi daidai na tsawon ƙarnoni.

Wasu wuraren a gurguje za mu wuce su. Dún Aonghasa, ganuwar dutse a bakin wani gagarumin gaɓar teku a tsibirin Inis Mór, labari ya ce wani Aonghas na ƙabilar Fir Bolg ya gina ta, tonon da Claire Cotter ta jagoranta a shekarun 1990 kuma ya nuna an fara ginin wajen shekara 1100 kafin miladiyya. Game da Aileach a Donegal, kundayen tarihi sun ce a 1101 sarkin Munster, Muirchertach Ua Briain, ya rushe ta don ramuwar rushe masa fadarsa ta Kincora da aka yi a 1088, ya kuma umarci mayaƙansa kowa ya ɗauki dutse ɗaya a madadin kowane buhun guzuri, a kai Limerick. Ya san ƙona fada bai isa ba, sai an raba ta da duwatsunta. A Sikotlan, a tsibirin Lewis, akwai hasumiyar dutse ta Dùn Chàrlabhaigh mai shekaru kusan dubu biyu. Mutanen wurin ba labarin maginanta suke bayarwa ba, labarin ɓarayin shanu suke bayarwa: wai wajen 1600 'yan zuriyar Morrison sun sato shanun MacAulay suka ɓuya a ciki, sai Donald Cam MacAulay ya hau bangon da wuƙaƙe biyu, yana cusa su tsakanin duwatsu, ya jefa musu ciyawa mai ci da wuta ta sama.

Mu koma cikin ruwa. Tsibirin da aka gina da hannu crannóg suke kiransa, daga crann, wato itace. A nemi wuri marar zurfi a tafki, a kafa turaku a zagaye, a yi ta zuba rassa da kututture da duwatsu da ƙasa har tudun ya ɗago saman ruwa, a kewaye shi da kafi, a gina ɗaki. Shiga sai da kwalekwale, ko ta wata siririyar hanyar duwatsu wadda wani lokaci ruwa ke rufewa. An san fiye da 1,000 a Ayalan, da wasu ɗaruruwa a Sikotlan. Wilde yana cikin waɗanda suka fara magana a kansu, amma duniya ba ta waiwayo ba sai a 1854, lokacin da ruwan tafkin Zurich na Suwizalan ya ja baya, turaku suka bayyana, Ferdinand Keller ya yi rubutu a kai. Daga nan aka shiga yayi. Robert Munro ya fitar da littafi kan na Sikotlan a 1882, Wood-Martin ya fitar kan na Ayalan a 1886. A 1908 wani malamin Kirista mai zaman zuhudu a Fort Augustus, Odo Blundell, ya ari kayan nutso na ma'aikatan mashigin ruwa ya shiga ƙarƙashin tafkin Loch Ness don ya tabbatar ko ɗan tsibirin da ke can ginin mutum ne. Ya tarar da katakai a shimfiɗe ƙarƙashin duwatsu.

Ruwa mai sanyi da laka suna adana abin da busasshiyar ƙasa ke cinyewa. A tafkin Loch Tay, inda aka ƙidaya irin tsibiran nan 18, Nicholas Dixon ya fara tonon ƙarƙashin ruwa a Oakbank a 1980. Gidan ya kai shekara 2,500, amma aka fito da daɓen katako, da guntun saƙa, da akushin itace mai sauran man shanu manne a jikinsa. A tsibirin Lewis kuma wani tsohon mai nutso na sojan ruwa, Chris Murray, ya tsinci tukwane a gindin wasu ƙananan tsibirai, binciken da Duncan Garrow da Fraser Sturt suka wallafa a 2019 ya nuna an gina su wajen shekara 3,500 kafin miladiyya, wato sun girmi dalar Giza ta Masar. Ta ɗaya ɓangaren kuma, har wajen 1600 sarakunan Gelawa na Ulster suna ajiye dukiya da albarushi a irin tsibiran nan lokacin yaƙinsu da Ingila. Wani mai zanen taswira na rundunar Ingila, Richard Bartlett, ya zana yadda ake kai wa ɗaya hari. Daga baya mutanen Donegal suka fille masa kai, don sun fahimci abin da taswira ke jawowa.

To, Lagore fa? Sunanta na asali Loch Gabor, mazaunin sarakunan kudancin Brega. Kundin Annals of Ulster, wanda malaman coci suka riƙa rubutawa shekara bi shekara, ya ce a 850 wani sarki maƙwabci, Cináed ɗan Conaing, ya haɗa kai da 'yan Viking ya yi wa babban sarki Máel Sechnaill tawaye, ya auka wa tsibirin ya baje shi. Shekara na zagayowa aka kama Cináed aka nutsar da shi a ruwa, kuma cikin waɗanda suka yi hakan har da Tigernach, sarkin Lagore. Wajen 934 'yan Viking suka sake rushe wurin. Da tawagar jami'ar Harvard ƙarƙashin Hugh Hencken ta tona abin da leburori suka rage, tsakanin 1934 da 1936, ta sami kayan maƙera da na masu narka tagulla, da sarƙoƙin wuya na ƙarfe irin na ɗaure bayi ko fursunoni, da guntayen ƙoƙon kan mutane masu alamar sara. Komai ya yi daidai da abin da takarda ta faɗa: gidan mulki ne, mai yanka da yawa, mai jini da yawa.

Ga inda lissafin ya tsaya mana. Lagore tana da tarihi rubutacce, ingantacce, da shekaru da sunaye. Amma tarihin yana kwance cikin kundin da ba mai karantawa sai ɗaiɗaikun masana, tafkin ya ƙafe, manomin da ke kusa ba ya jin komai game da ɗan tudun da ke cikin fadamar. Kufan manomi kuwa ba shi da layi ɗaya a kundi, abin da ake faɗa a kansa ma ba gaskiya ba ne, amma kowane yaro ya ji shi a bakin kakarsa. Camfi ya yi gadin da ilimi bai yi ba. Hujjar ta ƙara fitowa a ƙarni na 20: daga shekarun 1950, da aka shigo da katafila da tallafin gwamnati na faɗaɗa gonaki, tsoron kuma ya fara sanyi, ganuwoyi masu yawa da taswirorin shekarun 1830 suka nuna sun ɓace ƙasa ta shafe. Duk da haka tsoron bai mutu murus ba. A 1999 mai ba da tatsuniya Eddie Lenihan ya tayar da ƙura kan wata bishiyar ƙaya a Latoon da ke gundumar Clare, wadda ya ce matattarar mutanen ɓoye ce, kuma da aka gama babbar hanyar da za ta bi ta wurin, bishiyar tana nan tsaye a gefe.

Kada daɗin wannan ya ɗebe mu, don akwai kuɗin da aka biya. A watan Maris na 1895, a ƙauyen Ballyvadlea da ke Tipperary, wata matashiya mai suna Bridget Cleary ta kwanta da ciwon ƙirji bayan ta sha sanyi a hanyar kai ƙwai kusa da tudun Kylenagranagh, inda akwai tsohuwar ganuwa. Tela ce, tana da kekenta na Singer, tana da kajinta da kuɗinta, ta fi matan ƙauyen ado da tsayuwa da ƙafarta. Aka fara raɗe-raɗin cewa ba ita ba ce a kwance, mutanen tudu sun ɗauke ta sun bar musanya. Mijinta Michael, mai haɗa gangunan katako, tare da mahaifinta da wasu danginta, suka danne ta suna ɗura mata jiƙo, suka riƙe ta a kan murhu suna tambayarta ko ita ce. A daren 15 ga wata mijin ya watsa mata kananzir ya ƙone ta. Bayan ya binne gawar, ya kwashe darare yana tsaye a bakin ganuwar da wuƙa a hannu, yana cewa matarsa ta gaskiya za ta fito a kan farin doki, zai yanke igiyar da aka ɗaure ta. Aka yanke masa shekara 20. Jaridun da ke adawa da ba Ayalan 'yancin mulkin kanta suka yi caraf da shari'ar, suna nuna ta a matsayin hujjar cewa mutanen ba su isa riƙe kansu ba. Angela Bourke, a littafinta na 1999 kan wannan kisa, ta nuna yadda maganar mutanen ɓoye ta zama harshen da ake faɗar abin da ba a iya faɗa a fili: kishi, rashin haihuwa, da jin haushin macen da ta fi ƙarfin a juya ta. Labarin da ya hana a sare ƙaya shi ne ya ba da mafaka aka ƙone mace. Marubucin da ya ɗauki ɓangaren fitilu da kiɗan dare ya bar wannan, rabin magana ya ɗauka.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin labaran masarauta da muke turowa nan a sama suke shawagi. Fada ce mai hawa bakwai a wata ƙasa da ba ta da ƙasa, ba a san da me aka gina ta ba, wa ya yi aikin gayyar, ina ake zubar da ƙashin naman da sarki ya ci. Aljanunmu ma ba su da unguwa. Gelawa kuwa kowane aljaninsu yana da tudu mai suna, a gonar wane, kusa da rafi kaza, kuma kowane suna yana ɗauke da labari, wani lokaci biyu masu karo da juna. Mu ma ba mu rasa Dala da Kufena da Turunku da Surame ba, ba mu rasa kufan da ake hana yara shiga da tsakar rana ba. Abin da muke ganin ya kamata a koya shi ne riƙe kwarya biyu ba tare da an juye ɗaya cikin ɗaya ba: ga abin da tsohuwa ta ce, ga abin da tono ko takarda suka nuna, a faɗa wa mai karatu wanne ne wanne.

Su Ayalan sun yi wani abu da ya dace a sani. Hukumar adana al'adun baka da suka kafa a 1935, ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, ta ga tsofaffi suna ƙarewa, ma'aikatanta kuma ba su da yawa. Sai a 1937 ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi da ƙungiyar malaman firamare. Aka raba wa makarantu ɗan littafin jagora mai batutuwa sama da 50, ciki har da na ganuwoyin mutanen ɓoye. Maimakon insha'in da aka saba, sai aka ce kowane yaro ɗan manyan azuzuwa ya je gida ya tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, ya rubuto. Yara fiye da 50,000 daga makarantu kusan 5,000 suka yi aikin cikin wata goma sha takwas, aka tara shafi kusan 740,000. Yau an ɗora kaso mai yawa a intanet a shafin Dúchas, da rubutun hannun yaran yadda yake, har da kurakuransu. A ƙasan labari sau da yawa za ka ga sunan yaron, da sunan tsohon da ya ba shi, da shekarunsa, da sunan ƙauyen. Wasu daga ganuwoyin da yaran suka kwatanta katafila ta riga ta cinye su, kuma masu binciken tarihi kan koma cikin littattafan 'yan firamaren nan su nemo a gonar wa suke da.